Me ya sa zafin bazara ba ya haɗa hadari, kuma me ya sa ruwanmu ke zuwa daga gabas?

"Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Bodinga. Ina koya wa ɗalibaina cewa rana ce ke ɗaga ruwa daga teku da koguna, ya hau sama ya zama gajimare, sannan ya sauko. To sai wani yaro ya tambaye ni: in haka ne, me ya sa a watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ta fi ƙuna kuma tafkuna ke ƙafewa a kan idonmu, sama take fayau babu ko ƙyallin gajimare? Kuma in daga teku ruwan yake, ai teku kudu yake, me ya sa hadarinmu daga gabas yake tasowa? Na rasa amsar da zan ba shi. A taimaka mini da bayani."

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka koya wa yaran daidai ne, sai dai akwai mataki ɗaya a tsakiya wanda zanen da ke cikin littattafan firamare yakan tsallake, kuma a nan ne yaron ya kama ka. Tambayarsa biyu ce: me ya hana ruwan da zafin bazara ke ɗagawa ya zama gajimare, sannan me ya haɗa hadarin gabas da tekun kudu. Amsar ta farko ita ce aikin zafi ɗaga ruwa ne kawai, sanyi ne ke mayar da shi gajimare. Amsar ta biyu kuwa, hanyar da danshi ke bi ya iso mana daban, hanyar da hadari ke bi daban, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Zan yi bayani ne bisa abin da ilimin yanayi ya tabbatar, da abin da na gani a shekarun da na yi ina karanta na'urorin auna yanayi kafin in koma aji. Ruwa na Allah ne, abin da muke bi a nan shi ne sababin da Ya sanya masa.

Zagayen ruwa

Ruwan duniya zagaye yake yi tsakanin teku da sararin sama da ƙasa. Kimanin kashi 97 cikin 100 yana cikin teku, ragowar kuwa mafi yawansa ƙanƙara ne a ƙarshen duniya na kudu da na arewa, sai wanda ke ƙarƙashin ƙasa. Wanda ke cikin iska ɗan kaɗan ne ƙwarai: da za a sauko da shi duka a lokaci ɗaya, ya bazu a doron duniya, zurfinsa ba zai wuce milimita 25 ba. Amma kuma in aka raba ruwan saman da ke sauka a shekara a kan duniya baki ɗaya, yana kaiwa kusan milimita 1,000. Ke nan ruwan da ke cikin iska yana sabuntuwa kusan sau 40 a shekara, wato ɗigon da ya tashi yakan yi kamar kwana tara a sama kafin ya dawo. Ka riƙe wannan lissafi, domin a kwana tara iska tana iya kai shi nisan dubban kilomitoci. Ba dole ba ne ruwan da ya tashi a tafkin Kware ya sauka a Kware.

Yadda danshi ke zama gajimare

Ruwan da rana ta ɗaga yana shiga iska ne a matsayin tururi wanda ido ba ya gani, kuma akwai iyakar abin da iska za ta iya ɗauka, iyakar kuma da zafinta take tafiya. A wuri mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, iska mai zafin digiri 40 tana iya ɗaukar tururi kimanin giram 51. In zafin ya sauko digiri 30 sai giram 30, a digiri 20 giram 17, a digiri 10 kuwa giram 9 kacal. Saboda haka iskar da ke ɗauke da giram 17, in zafinta digiri 40 ne, da sauran wuri mai yawa a cikinta, kuma duk ruwan da ta tarar shanye shi za ta yi. Amma ita wannan iskar, ba tare da an ƙara mata ko ɗigo ba, in ta huce zuwa digiri 20 ta cika maƙil, in ta ƙara hucewa dole ta zubar da abin da ya yi mata yawa. Wannan matakin sanyi da iska ke cika a kansa shi ake kira matakin raɓa, domin shi ne ke sa ciyawa jiƙewa da asuba a ƙarshen damina.

Yara za su iya ganin wannan da idonsu. A fito da kwalbar ruwa daga firji a watan Agusta a ajiye a kan tebur, kafin minti biyu bayanta ya jiƙe har ruwa na gangarowa ya yi da'ira a kan katako. Ruwan nan ba daga cikin kwalbar ya fito ba, iskar ɗakin ce ta taɓa sanyi ta sauke abin da ke cikinta. A maimaita a watan Fabrairu da irin wannan kwalbar, za a ga bayanta a bushe ko kuma ɗan dusu-dusu kawai.

To a sararin sama me ke sanyaya iska? Hawa. Iskar da ke kusa da ƙasa nauyin duk wadda ke bisanta ya danne ta, in ta tashi sai nauyin ya ragu ta buɗe, buɗewar kuma tana cin zafinta. Wanda ya taɓa kara hannu a bakin taya lokacin da mai faci ke sakin iskarta ya san da sanyi take fita, ko da tayar ta wuni a rana. Iskar da ba ta cika ba tana rasa kusan digiri 10 a kowace kilomita ɗaya da ta hau. Rana tana gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta yi sauƙi ta tashi, tana hawa tana hucewa har ta kai matakin raɓa, a daidai wannan tsayi ne gajimare ke bayyana. Shi ya sa in ka dubi fararen gizagizan hantsi a damina za ka ga kawunansu sun yi tudu-tudu, amma gindinsu a miƙe yake, duk a tsayi ɗaya.

Akwai sharaɗi na biyu, wato abin da tururin zai kama ya taru a kai. Wani masani ɗan Sikotilan mai suna John Aitken ya nuna a 1880 cewa in aka tace iska tas, ko ta cika ba ta saurin yin hazon ruwa, sai an sami ƙwayoyin ƙura ko hayaƙi ko gishirin teku. Wannan kam ba mu da ƙarancinsa. A nan ne nake jan hankalin ɗalibai cewa hazon hunturu ba gajimare ba ne, ƙura ce zalla, kuma mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta. Ƙwayoyin suna nan birjik, danshin da zai hau kansu ne babu.

Ɗigon da ke cikin gajimare ƙanana ne matuƙa, sai an jera kamar 50 kafin su cika milimita ɗaya, kuma saboda rashin nauyi ɗan motsin iska mai hawa ya isa ya riƙe su. Wannan ne ya sa farin gajimare mai kilomita ɗaya ta kowane gefe, wanda ruwan cikinsa kan kai tan 500, yake shawagi bai faɗo ba. Kafin a sami ɗigon ruwan sama guda mai kaurin milimita 2, sai irin waɗannan kusan miliyan ɗaya sun haɗu. Suna haɗuwa ne ta hanyar karo, manya na haɗiye ƙanana, ko kuma can ƙololuwa inda sanyi ya wuce misali su daskare, ƙanƙarar ta yi ta girma har ta yi nauyi ta faɗo, ta narke a hanya. Mafi yawan ruwan da babban hadari ke zubarwa a nan ƙasa mai zafi da ƙanƙara ya fara, kuma ranar da ba ta gama narkewa ba ita ce ranar da muke jin ta a kan kwano.

Abin da ke ba hadari ƙarfinsa kuwa shi ne zafin da ruwa ya sha lokacin tashi. Mayar da lita ɗaya tururi yana cin zafi fiye da ninki biyar na abin da ake buƙata a kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wannan zafi ba ya ɓacewa, yana tafe cikin tururin, kuma da zarar ya koma ruwa a cikin gajimare sai ya sake shi. Iskar sai ta ƙara ɗumi fiye da ta kewayenta, ta ƙara hawa, wani tururin ya sake komawa ruwa, a haka har kan hadarin ya kai kilomita 15 ko fiye, inda sanyi ya zarce digiri 60 ƙasa da sifili.

Abin da ke faruwa a bazara

A tashar auna yanayi akwai wani farin akwati mai tagogin katako a kan ƙafafu, a ciki ma'aunin zafi biyu ne a jere. Ɗaya haka nan yake, ɗayan an naɗe masa kai da ƙyalle mai lagwani da ke tsotso ruwa daga 'yar kwalba. Ruwan ƙyallen yana tashi yana sanyaya ma'aunin, saboda haka tazarar da ke tsakanin su biyun ita ke nuna ƙishirwar iska. Da azahar a watan Maris busasshen yakan nuna 40, jiƙaƙƙen yana wajen 20, ga ƙura tana toshe ƙyallen sai an riƙa canza shi. A Agusta tazarar takan dawo digiri huɗu ko biyar. A waje kuma akwai faffaɗan faranti mai faɗin santimita 120 da zurfin 25, wanda ake cika wa ruwa a auna abin da ya ragu kowace safiya, har waya ake rufa masa don kada tsuntsaye da awaki su ɓata lissafi. A bazara yakan rasa milimita 10 ko fiye a wuni ɗaya. Yaron dai ya yi gaskiya, ruwa na tashi, kuma da gaske yake tashi.

Matsalar ita ce iskar da yake shiga. Daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu iskarmu daga arewa maso gabas take, ta ratso Sahara, ba ta ɗauko komai ba. Masu hasashen yanayi suna da wani lissafi mai sauƙi: kowane digiri ɗaya da ke tsakanin zafin iska da matakin raɓarta yana ɗaga gindin gajimare da kimanin mita 125. A ce a Agusta zafi 30 ne, matakin raɓa 22, to tazara takwas ce, gajimare zai fara a kilomita ɗaya. A ce kuma a Maris zafi 40 ne, matakin raɓa 5, to sai iskar ta hau fiye da kilomita huɗu kafin ta cika. Ga shi kuma a rani iskar da ke can sama saukowa take yi a hankali a kan yankin Sahara da gefensa, tana saukowa tana ƙara ɗumi da bushewa, sai ta danne wadda ke son hawa. Ɗan tururin da ya tashi daga fadamun Kwalkwalawa da gonakin albasa sai ya watse cikin wannan busasshiyar iska, ta wuce da shi kudu maso yamma.

Mutane kan ɗauka madatsun ruwa za su iya jawo hadari, to bari mu yi lissafi. Dam ɗin Goronyo da ke kan gulbin Rima, wanda aka kammala a 1984, in ya cika yana ɗaukar ruwa sama da lita biliyan 900. Faɗin jihar Sakkwato kuwa kimanin murabba'in kilomita 26,000 ne. Da a ce duk ruwan dam ɗin zai tashi rana ɗaya ya sauko a kan jihar, da abin da kowa zai samu bai wuce milimita 40 ba, wato ruwan dare ɗaya mai kyau. Damina kuwa tana ba birnin Sakkwato milimita 600 zuwa 700. Ruwa mai wannan yawa sai teku.

Danshi daga kudu, hadari daga gabas

A nan zafin bazara yake da amfaninsa, sai dai ba ta hanyar da yaron ya zata ba. Yayin da rana ke gasa Sahara da ƙasashen gefenta, iskar wurin tana yin sauƙi, nauyinta a kan ƙasa ya ragu, sai iska mai nauyi da sanyi da danshi ta kwararo daga tekun Atlantika don cike gurbin. Juyawar duniya tana karkata ta, shi ya sa take iso mana daga kudu maso yamma, bayan tafiyar sama da kilomita 700 daga gaɓa. Layin da take karo da iskar Sahara, wanda masana ke kira ITD, a Janairu yana kusa da bakin teku, daga nan ya yi ta matsowa arewa, ya ƙetare mu wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, a Agusta ya kai can cikin hamada arewa da Agadas, sannan ya juyo. Kowa ya san alamun wucewarsa ko bai san sunansa ba: iskar dare ta juya, zufa ta daina bushewa a jiki, shamuwa ta iso.

Amma wucewar layin ba ita ce faɗuwar damina ba. Iskar teku tana shigowa ne ta ƙarƙashin ta Sahara, bakinta siriri, kaurinta na ƙaruwa ta baya, kuma ruwan kirki sai inda kaurin ya kai kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu, wato ɗaruruwan kilomitoci kudu da layin. Wannan ne ya sa watan Mayu ya fi kowane wata wahalar da mu, ga zafi ga gumi ga hadarin da ke haɗuwa ya watse. In ka lura a irin wannan lokaci za ka ga wasu baƙaƙen zare-zare suna saukowa daga gindin hadari amma ba su taɓa ƙasa ba. Ruwa ne yake zuba, busasshiyar iskar tsakani tana shanye shi a hanya, mu kuma sai guguwa da ƙura su iso mana.

Duk wannan a ƙasa-ƙasa yake faruwa. A tsayin kilomita uku zuwa huɗu akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma duk tsawon damina, wadda bambancin zafin Sahara da sanyin kudu ke haifarwa, kuma a tsakiyar damina tana bi ne kusan ta kanmu. Hadari dogo ne, ƙafarsa na cikin danshin kudu amma gangar jikinsa na cikin wannan iskar gabas, ita ke tura shi yamma. Sannan shi ma yana tura kansa. Ruwan da ke zuba yana janyo iska mai sanyi daga sama, ta bugi ƙasa ta bazu gaba, ita ce iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa tana kwashe shanya da rufin kwano. Da yake ta fi nauyi, sai ta kutsa ƙarƙashin danshin da ke gabanta ta ɗaga shi, sabon hadari ya haɗu a goshin tsohon. A haka jerin hadari mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci zai yi ta tafiya da gudun kimanin kilomita 50 a awa, wani lokaci wuni da kwana, yana cin danshin da ya tarar a kowane gari. Ke nan ruwan da ya sauka a Bodinga ba daga gabas aka ɗauko shi ba, yana nan cikin iskar garin tun kafin hadarin ya iso, ɗagawa kawai yake jira.

Irin wannan jeri yakan faro ne da la'asar a wurare masu tudu inda duwatsu ke taimaka wa iska hawa, kamar tsaunukan Jos da na Azbin, shi ya sa sau da yawa sai dare ko asuba yake iso mana. Shi ne ke kawo mafi yawan ruwan Sahel. Ita iskar gabas ɗin kuma tana yin lanƙwasa-lanƙwasa da ke wucewa duk bayan kwana uku zuwa biyar, abin da ke sa ruwa ya zo ya ɗan tsagaita ya dawo, kuma wasu daga cikinsu in sun faɗa teku ta wajen Senegal su ne ke girma su zama mahaukaciyar guguwar da ke afka wa Amurka. A marka, lokacin da danshi ya kai maƙura, akan sami shimfiɗaɗɗen gajimare mai yayyafi na wuni guda ba tare da iska ba, wannan kam ba lallai a ga inda ya fito ba.

Bayan ya sauka

Wani ruwan ya nutse, musamman a jigawa, ya cika rijiyoyin fadama, wani ya zarce zuwa cikin duwatsun yashi na ƙarƙashin ƙasa inda burtsatse ke samunsa, kuma a masu zurfin akwai ruwan da ya yi dubban shekaru a kwance. Wanda ya sauka a fako kuwa gudu yake yi zuwa gulbin Rima da na Sakkwato, su haɗu kusa da birni, su bi ta Argungu da Birnin Kebbi su faɗa kogin Neja, shi kuma ya mayar wa Atlantika abinsa. In ya fi ƙarfin hanyarsa sai a sami irin ambaliyar Satumbar 2010. Kaso mafi girma dai sama yake komawa, daga jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganyen gero da itatuwa, ya shiga cikin hadarin gaba. Saboda haka tsiro yana da hannu a damina, amma ba na goyon bayan a gaya wa yara cewa dasa itace a gari zai jawo wa garin ruwa. Farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 an daɗe ana ɗora su a kan sare itatuwa da yawan kiwo, sai bincike na baya ya nuna sauyin zafin ruwan tekuna ne ya fi yin tasiri. Amfanin itace da ba a jayayya a kansa shi ne riƙe ƙasa da taimaka wa ruwa nutsewa.

Iyakar hasashe, da abin da za a yi a aji

Ilimin nan yana da inda ya tsaya. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tauraron ɗan'adam kuma yana nuna jerin hadari tun yana nesa, amma babu na'urar da za ta ce gonar wane za ta samu ta wane ba za ta samu ba, domin hadari ɗaya yakan jiƙa Wamakko ya bar Dange a bushe. Yadda ƙura ke shafar yawan ruwa ma har yanzu masana na muhawara a kai. Abin da aka auna aka gani shi ne, wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna manyan hadarurruka masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982.

Shawarata ita ce ka sa yaran su auna da kansu. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda faɗin bakinsa daidai yake da na gindinsa, a kafa shi a fili nesa da indararo da inuwar itace, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa don kada fantsama ta shiga, a riƙa auna zurfin ruwan da rula kowace safiya a lokaci ɗaya ana rubutawa, har da ranakun da ba a samu komai ba. Milimita ɗaya a gwangwanin daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Masana aikin gona a Sahel sukan ɗauki milimita 20 cikin kwana uku a matsayin ruwan shuka, da sharaɗin kada a yi fiye da mako guda babu ruwa a cikin watan da ya biyo baya, kuma da littafin ajin yaran za su iya duba ko ruwan farko na bana ya cika wannan sharaɗi ko bai cika ba.